Litinin ɗin da Lorraine Ta Yi Shiru

Kelford, Ohio
Laraba, 26 ga Oktoba, 2005

Zuwa ga yayana, Yaya Tukur,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da ban-girma da kewa mai yawa, daga garin nan da ka tattara ka bar mana. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Ladidi da yara duka. Yaya ibada? Allah ya karɓa mana, ya sa muna cikin waɗanda za a 'yanta a goman ƙarshen nan, ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Na ji daga bakin Goggo Asabe cewa gwiwar Inna ta matsa mata har tana sallar asham a zaune. Don Allah ka lallashe ta ta riƙa shan maganin da na aiko. Na san halinta, ƙila yana nan ƙulle a ƙasan adaka tana tattalinsa don kada ya ƙare.

Mu ma nan lafiya ƙalau, sai godiya. Sanyi ya fara leƙowa, ganyen bishiyar ƙofar gidanmu ya zube ya rufe hanya, Baban Nasiba kullum yana cewa gobe zai share, goben kuwa har yau ba ta iso ba. Nasiba tana shekararta ta biyu a karatun jinya, ta ɗan rame, amma bakin nan yana nan yadda ka san shi. Kuka da daddawar da Yaya Ladidi ta aiko sun iso lafiya, Allah ya saka da alheri. Ranar da na fara kaɗa miyar, maƙwabcinmu Mista Dale ya ƙwanƙwasa ƙofa da fuskar jaje yana tambaya ko wani abu ne ya mutu a bututun gidanmu. Na zuba masa a kwano na ce ya je ya binne. Washegari ya dawo da kwanon a wanke yana tambayar yaushe za a sake.

Za ka yi mamakin ganin takarda da rubutun hannuna, ni da na saba damun ka da waya. Hajiya Turai za ta tashi zuwa gida gobe, ita na ba, na kuma roƙe ta ta sa maka a hannu. Akwai maganar da ba na so in yi ta waya ko ta kwamfuta, in ka karanta za ka ga dalili. Kada gabanka ya faɗi, ba a kama kowa namu ba, ba kuma wanda ya yi laifi. Amma ni dai tun da azumin nan ya kama ban yi barcin kirki ba, kuma taimakonka nake nema a kan wata baiwar Allah da ba ka taɓa gani ba.

Ka san ɗakin karatunmu na ƙasan ginin kotu, tunda ka sha zama a kujerar kusa da na'urar ɗumama ɗaki kana gyangyaɗi da sunan jirana. Yana nan yadda ka bar shi. Lorraine ce har yanzu shugabarmu, gashin ya gama yin fari, Darnell abokin aikina yana nan da surutunsa da waƙoƙin cocinsu. Masu zuwa ma su ne dai, ƙananan lauyoyin da ba su da littattafan kansu, da talakawan da ba su da lauya sam, wanda mai gidan haya zai kora, da wadda take neman kotu ta shiga tsakaninta da mai dukanta. Ƙa'idarmu ba ta sauya ba, mu nuna littafi, mu nuna shafi, ba ma cewa yi kaza ko bar kaza, don wannan aikin lauya ne. Ba ma tambayar suna, ba ma tambayar dalili. Abin da ya ƙaru bayan tafiyarka shi ne dokar leƙen asirin nan, wadda ta ba jami'an tarayya damar zuwa su nemi sanin abin da mutum ya karanta, sannan su ɗaure bakin wanda suka tambaya. Tun da aka yi ta muka daina ajiye komai. Takardar sa hannu ta bakin ƙofa mun cire ta. Kwamfutocin da jama'a ke amfani da su ana goge su kafin a tashi, ni ce ma mai gogewa. Da hukumar gunduma ta so kafa mana kyamara a ɗakin, ni na fi kowa ɗaga murya har aka fasa, na dawo gida ina ta cika baki, Baban Nasiba yana cewa a kawo mini ruwa in sauka daga doki.

Sai kuma al'adarmu ta Litinin, wadda ita ce tushen maganar. Lauyoyin ƙungiyarmu ta ma'aikatan ɗakunan karatun shari'a sun ce dokar ta hana mutum ya faɗi cewa an zo masa, amma ba su ga inda ta tilasta masa ya ce ba a zo ba. Lorraine ta kama wannan ta riƙe. Kowace Litinin da safe, in mun zauna ɗan taronmu mu uku, kafin a yi maganar komai sai ta cire tabarau ta ce, "To jama'a, makon nan ma babu wanda ya zo." Tun farko ta gaya mana cewa duk ranar da ba ta faɗa ba, kada wanda ya tambaye ta, don tambayar za ta sa ta ko dai ta yi mana ƙarya, ko ta karya doka ta ƙare a gidan yari. Shekaru ana haka har abin ya koma wasa. Tana rufe baki Darnell zai ɗaga kofin kofinsa ya ce, "Amin, fasto, a shafa mu ci kek."

Da ƙarfin wannan na miƙe a ɓangaren mata a masallacinmu bara, na ce duk mai matsalar takardu ko ta haya ko ta wurin aiki ta zo wurinmu, karatu kyauta ne, ba mai tambayar sunanta, ba mai rubuta abin da ta duba. Wata tsohuwa 'yar Somaliya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, a ƙasar nan har kwandon shara yana da ido." Aka yi dariya. Ni kuwa ka san ni da zafin kai, na ce na ɗaukar musu alkawari tsakanina da Allah, ranar da abin ya sauya, ni da bakina zan zo in gaya musu. Magana ta bi gari, har ta tsallaka wasu garuruwan. Mutane suka fara zuwa ɗaya ɗaya, suna shigowa kamar masu shiga asibiti, suna fita da kwafin shafuka a jaka. Darnell ya ce na mayar da ƙasan kotu Majalisar Ɗinkin Duniya.

A cikinsu akwai wata 'yar Somaliya da ta ce mini sunanta Sagal. Ba 'yar masallacinmu ba ce, ba ma 'yar garin nan ba ce, sai ta sauya mota kafin ta iso. Wata ce ta gaya wa wata har zancen ya kai kunnenta. Ba za ta girme wa Nasiba da yawa ba, siririya, da jaririnta a goye irin goyonmu na gida. An tsare mijinta tun bazara a kan wata tangarɗar takardu, ana batun mayar da shi inda ya gudo. Lauyan sa-kai da aka haɗa ta da shi mutumin kirki ne, amma shari'u sun yi masa katutu. Ya ce mata ya taɓa jin wata kotun ɗaukaka ƙara ta saki wani mai irin matsalar mijinta, in da za a samo hukuncin zai iya tsayawa a kansa, shi dai ba shi da lokacin tono. Sai ta ce ita za ta tono. Yaya, yarinyar da ta koyi Turancinta a kamfanin yankan kaji, ita ce take zama da ƙamus a gefe, jariri a cinya, tana bin layin hukuncin alƙalai da yatsa har a ce za a rufe. In na dube ta sai in ji kunyar ƙorafin gajiyar da nake yi.

Tun zuwanta na farko ta so ta zazzage mini cikinta, sunan mijin, sunan lauyan, garin da suke. Na ɗaga hannu na tsayar da ita kamar yadda muke yi wa kowa. Na ce, "Ƙanwata, irin matsalar kawai za ki gaya mini, sunaye ki riƙe abinki, abin da ban sani ba ba mai iya tatsarsa daga bakina." Ta yi dariya ta ce, "Anti, ke ce mutum ta farko a ƙasar nan da ba ta son sanin sunana, ko madara zan saya sai an tambaye ni." Muka yi makonni muna nema. Daga ƙarshe na gano hukuncin yana nan, sai dai irin waɗanda ba a buga a manyan littattafai ba ne, dole a rubuta wa ɗakin karatun wata kotu a wata jiha su tono su aiko. Na rubuta da sunan ɗakinmu. Ranar ta yage gefen takarda ta rubuta lambar wayarta ta miƙo mini, ta ce in ya iso in kira ta, don samun hutu a wurin aiki yana yi mata wuya. Na ninke takardar na mayar mata a tafin hannu ban ko duba ba. Na ce ba ma ajiye lambar kowa, ta dai riƙa leƙowa duk Laraba, zan adana mata. Har wani daɗi na ji a raina, wai ni mai riƙe ƙa'ida. Abin da kawai na bari ta faɗa mini shi ne ranar zaman kotun, Talatar da ke bayan ƙaramar salla.

Litinin ɗin jajiberin azumi muka zauna kamar kullum. Lorraine ta shigo ta ja kujera, ba ta cire tabarau ba. Da ta buɗe baki sai ta ce bututun da ke saman littattafan haraji yana ɗiga, a kira mai gyara. Darnell ya riga ya ɗaga kofi yana jiran ya ce amin, hannun ya tsaya a sama. Ta yi maganar takardar na'urar kwafi da ta kusa ƙarewa, ta yi maganar wanda zai ɗauki hutu a ƙarshen shekara, ta tambaya ko akwai mai magana. Ta tashi ta shiga ofishinta ta ja ƙofa, ita da ba mu taɓa ganin ƙofarta a rufe ba. Wallahi Yaya, nan take raina ya ba ni an zo.

Da rana Darnell ya same ni a bayan kantocin littattafai ya ce, "Zu, kwantar da hankalinki, tsufa ne, uwata ma shekaranjiya a firiji aka tsinci tabaranta." Na ce matar da take tuna ranar haihuwar karen mai gadi ita ce za ta manta da wannan? Ya sosa ƙeya, sannan ya ce, "To in ma sun zo, me za su ɗauka, ƙura? Ke da kike goge kwamfutocin nan kamar mai wankan gawa?" Na ce na jiya na goge, na gobe fa, wa ya san abin da aka liƙa a wayoyin da ke cikin bango? Ranar ko waƙa bai yi ba. Har yau ɗin nan Lorraine ba ta sake faɗin maganar ba, Litinin bayan Litinin. Muna gaisawa, tana tambayata yaya azumi, ta ma daina shan kofi a gabana, amma idonta ya faɗa. Na san tana ɗauke da abu, ta san na sani, kuma iyakar tausayin da zan iya nuna mata shi ne in ƙi tambaya. Mun yi shekara goma sha tara a ɗaki ɗaya da matar nan, ita ta riƙe mini hannu ranar da labarin rasuwar Baba ya iso, yau ga shi ba na iya ce mata me ke damun ki.

Larabar makon Sagal ta zo kamar kullum. Na janye ta daga kwamfuta na tara mata littattafai, na ce yau a takarda za mu yi. Ban gaya mata komai ba, don a lokacin ina ta yi wa kaina fatan Darnell ne mai gaskiya. Ta tambaya ko saƙon ya iso, na ce tukuna. Ta gyara goyo ta ce, "To Anti, sai Laraba, in Allah ya kai mu."

A gida kuwa an sha fama. Da na gaya wa Baban Nasiba cewa ranar Juma'a zan faɗa wa matan masallaci, sai ya ajiye cokali ya ce, "Hajiya, ba ki ga komai ba, ba ki ji komai ba, tsohuwa ta tsallake magana ɗaya shi ne za ki je ki tayar da hankalin gari? Ni takarduna na zama ɗan ƙasa suna kan teburin wani, ke kin karɓi naki kin yi matashin kai da su." Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Amma na ce masa alkawari na ɗauka da sunan Allah, ga azumi a bakina, ba zan zauna ina kallon mata suna buga sirrin gidajensu a kwamfutar da ni kaina ba zan taɓa ba. Ya ce, "To lauya marar riga, Allah ya ba da sa'a. Ranar da aka zo ɗaukata sai ki nuna musu shafi." Ya yi kwana biyu yana cin magani, amma ranar Juma'ar shi ya tuƙa ni.

Bayan an idar da salla na miƙe. Na auna kowace kalma. Na ce ban san komai ba, ba a gaya mini komai ba, abin da na sani kawai shi ne, maganar da shugabarmu take faɗa duk Litinin, wannan Litinin ba ta faɗa ba. Na ce littattafai suna nan, littafi ba ya kai rahoto, kwamfutar ce kawai nake so su yi hattara da ita. Tsohuwar nan ta bara ta kama hannuna ta ce, "Ai na gaya miki, 'yar nan. Amma kin cika alkawari, Allah ya yi miki albarka." Daga nan ta jawo jikarta suka matsa can nesa da ni. Ka san yadda zance yake in ya bar bakin mai shi. Kafin ya kai garuruwan maƙwabta ya koma wai an kai samame ƙasan kotu an kwashe kwamfutoci. Wata ma ta rantse wa Nasiba cewa matar Najeriyar nan ce ta ba da sunayen mutane, ba ta san 'yata take gaya wa ba.

Mako na zagayowa ɗakin ya zama fayau, sai lauyoyi da tsohon nan mai rigimar katanga da maƙwabcinsa. Laraba ta zo, Sagal ba ta zo ba. Washegari ambulan ya iso. Na buɗe na karanta a tsaye. Ni ba lauya ba ce, ba kuma hurumina ba ne in ce zai fitar da mutum, amma Yaya, labarin mutumin da ke cikin hukuncin nan da abin da ta kwatanta mini kamar an tsaga kara. Na sa shi a aljihun teburina na ce wata Larabar za ta zo. Ba ta zo ba. Yau ma Laraba ce, tun safe duk wanda ya taɓa ƙofa sai na ɗaga kai, har Darnell ya ce wuyana zai karye. Na ƙi fita ko sallar azahar, a bayan kantoci na shimfiɗa darduma. Har na goge kwamfutoci na kashe fitila ba ta zo ba.

A tsakanin nan kuma na je Washington. Ƙungiyarmu ta shirya zuwa ganin 'yan majalisa, saboda wasu sassan dokar wa'adinsu ya kusa cika ana muhawarar sabunta su. Lorraine ce aka sa za ta wakilce mu, ta daɗe tana shiri. Ana saura kwanaki ta kira ni ofis ta ce, "Zuwaira, bayana ba zai iya zaman jirgi ba, ke za ki je." Matar da take zagaye unguwarsu a ƙafa kowace asuba. Na ce to. Abin da muka je nema ba wani babban abu ba ne, a ce sai alƙali ya sa hannu kafin a binciki karatun mutum, wanda aka ɗaure wa baki ya sami damar ƙalubalanta a kotu, a kuma riƙa gaya wa jama'a sau nawa aka yi amfani da dokar. Ɗan majalisar bai fito ba, wani mataimakinsa mai taye aka turo mana, yana ta duba agogo. Ya ce, "Madam, mun ji ku, amma ku ba mu misali ɗaya mana, ɗakin karatu ɗaya da aka je wa, mutum ɗaya da aka cutar." Wata dattijuwa Marguerite da ta zo daga kudu ta ce, "Ɗana, kun ɗinke wa mutum baki, sannan kun ce in yana jin zafi ya yi ihu?" Sunan Sagal ya zo mini har kan harshe na haɗiye, don labarinta ba nawa ba ne da zan yi kyauta da shi. Na ce masa ni abin da zan iya faɗa shi ne kujerun ɗakinmu da suke cika yanzu babu kowa a kai. Ya rubuta wani abu, ko maganata ce ko abin da zai ci da rana, oho.

Da na dawo na bazama nemanta. Na je shagunan 'yan Somaliya na Columbus, babban birnin jiharmu, ina tambaya. Wani mai shago ya ce, "Sagal? Hajiya, a layin nan kaɗai Sagal bakwai ne, wacce za a naɗe miki?" Muna cikin dariya na ce daga ɗakin karatun kotu nake. Dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo, ya ce shi bai san kowa ba, ko sambusa zan saya. Na buga wa ofisoshin lauyoyin sa-kai da na sani, suka ce ba sa faɗin wanda suke wakilta, wato ƙa'idar da nake taƙama da ita ce aka karanto mini. Na aika musu kwafi duk da haka, amma ban san ko lauyan nata yana jihar nan ba ma, tunda ban san inda ake tsare da mijin ba. Kamfanonin yankan kaji kuwa ba zan je ƙofarsu ina tambayar ma'aikaciyar da mijinta ke tsare ba, sai in jawo mata kora. Ba ni da sunan mahaifinta, ba ni da garinsu, ba ni da hotonta, ko tabbacin Sagal ne sunanta ba ni da shi. Waɗanda na ji mata tsoronsu, in sun ga dama kafin azahar sun san ƙofar ɗakinta. Ni da nake riƙe da abin da ƙila zai maido mata da mijinta, ni ce ban san inda take ba. Ban yi nadamar cika alkawarin ba, kuma gobe ma ba zan ajiye sunan kowa ba, amma wannan bai sa na iya haɗiye abincin sahur ba.

To ga roƙona. Abokinka Malam Warsame, wanda kuka yi ta jigilar asibiti tare lokacin jinyar matarsa, yanzu ya bar tuƙin tasi, shi ne dattijon da ake kai wa ƙara a cikinsu. Ba gidan ɗan Somaliya a yankin nan da maganarsa ba ta shiga. Na je wurinsa ranar Lahadi. Ya karɓe ni da mutunci, ya tambayi lafiyarka, ya sa aka ƙulla mini dabino, amma da na fara zancen sai ya ce, "Ƙanwar Tukur, zamanin nan ko sunan jikokina sai na yi tunani kafin in tuna." Na gane, ban kuma ji haushi ba, shi ma jama'arsa yake karewa. Amma kai in ka yi magana zai ji. Ka kira shi, kada ka ambaci kotu ko ɗakin karatu ko sunan kowa a wayar. Ka ce masa kawai Zuwaira ƙanwarka ce uwa ɗaya uba ɗaya, kai ka raine ta, abin da ta kawo masa ya karɓa da hannu biyu. Ba na so ya gaya mini inda take, ba na so in san sunan mijinta. Ambulan ɗin kawai zan ba shi, in ce na mai goyon da take zuwa ƙasan kotu ranar Laraba ne, ya bi ta hannun matansu har ya isa. In ta karɓa ko labari kada a kawo mini, na yafe.

Ka gaishe mini da Inna ƙwarai, ka ce ta sa ni a addu'ar sahur, amma kada ka karanta mata wannan, ka ce dai aiki ne ya yi mini yawa. Ka gai da Yaya Ladidi, da Kawu Jibo da iyalinsa, da Goggo Asabe, da Sa'adatu amarya da angonta, da su Ɗanlami da Balaraba da auta Zinatu. Ka gai da Malam Buba liman, a sa baiwar Allah nan da mijinta a addu'a ko ba suna, Allah ya san su. Baban Nasiba yana gaishe ka, ya ce in gaya maka ƙanwarka ta fi ƙarfinsa, ka zo ka ɗauki kayanka. Nasiba ma tana gaida Kawunta.

Don Allah Yaya, ranar da takardar nan ta shiga hannunka ka kira shi, kada ka ce sai an sha ruwa, kada ka ce sai gobe. Nan gidan an fara zancen ɗinki da cincin, Nasiba tana ƙirga kwanaki. Ni kuwa tun da Inna ta haife ni ban taɓa jin tsoron ganin watan salla ba sai bana.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa har kullum,
Zuwaira